Sanduna Goma Sha Huɗu

Hayyul Ashir, Madinat Nasr, Alƙahira
16 ga Nuwamba, 2014

Aminiyata Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da jikokin da suka mayar da ke tsohuwa tun ban shirya ba. Yaya gwiwar? Kin ga likita, ko har yanzu man zafi kike shafawa kina zagin sanyi? Mu nan lafiya lau. Malam yana kan babi na huɗu na kundin digirinsa, ni kuma ina kan fushi.

Na ba Harun, ɗalibin nan ɗan unguwarku, ya kawo miki da hannu, don na san ki da waya: minti biyu ki ce ba kya ji. Abin da ke bakina ya fi minti biyu.

Ki yi dariyarki ki gama. Ni Husaina, da na yi shekara biyar a makaranta ina ɓuya a laburare duk yammacin wasanni, ni da nake ce miki kin tafi noma da ƙota babu ruwa in na gan ki da sandar hoki, yau kowace Asabar ina bakin fili ina ihu. Auta ce ta jawo mini. Kin tuna yadda muka zo da Fiddausi tana da shekara sha ɗaya, daga gida mai tsakar gida da kaji zuwa hawa na shida. Shekara biyu yarinyar nan ta yi kamar kujera a falo, daga makaranta sai taga. A watan Satumba markaz, wato cibiyar matasa ta unguwarmu, ya buɗe ƙungiyar hoki ta 'yan mata, Talata da Alhamis bayan la'asar. Samah, 'yar maƙwabciyata Mahasin, Bahausar Sudan, ita ta ja ta. Ranar farko ta dawo da ƙwauri a kumbure tana zuba surutu har Malam ya ajiye alƙalami yana kallonta. Tun ranar na san ba zan bar wannan abu ya mutu ba.

Su goma sha huɗu ne, yawanci 'ya'yanmu na Nijeriya da Nijar, sai 'yan Sudan uku da Misrawa biyu. Iyaye suka ɗora mini sayen kaya don ni ce mai baki. Na je har kasuwar Ataba na zaɓo sanduna sha huɗu na itace masu ƙwari, da takalma. Mai shagon ya so ya cusa mini waɗansu 'yan guntaye kamar na wasan yara, na nuna masa ba yau na fara shiga kasuwa ba.

To, wasa biyar suka buga, biyar aka cinye su. Na jiya tara da babu. Ko sau ɗaya ƙwallonmu bai taɓa shiga raga ba.

Mai koyar da su sunansa Kaftin Sabri. A nan duk mai usur a wuya kaftin ne. An ce ya buga wa babbar ƙungiya a zamaninsa. Abin da na gani da idona shi ne kujerar roba, da kofin shayi, da waya. Ya sa su zagaya fili sau goma, ya jefa musu ƙwallo, ya zauna. Jiya na tsaya a gabansa na tambaye shi dalili, a gaban yaran. Ko tashi bai yi ba, ya ce, "Ya madam, babu mauhiba." Wai babu baiwa. Wai hoki a jini yake, a garinsu da sanda ake haihuwar yaro, waɗannan kuwa suna da gudu, ma sha Allah, amma hannu babu. Ya rufe da ma'alish, wato a yi haƙuri.

Kulu, shekara sha takwas na yi ina koyar da adabi kafin na biyo Malam nan. Na san wannan huɗubar, na ji ta a ɗakin malamai har ta ishe ni. Duk wanda na ji yana cewa ajinsa daƙiƙai ne, in na leƙa sai in tarar allonsa ko ƙurar alli babu. Ban musa akwai baiwa ba. A aji mai ɗalibai arba'in kina samun biyu da Allah ya ba. Amma sauran talatin da takwas ai ana koya musu rubuta wasiƙa. Ban ce ya mayar da su zakaru ba. Cewa na yi ya koya musu tare ƙwallo, don yanzu wucewa yake yi ta ƙarƙashin sandarsu kamar ɓera ta ƙarƙashin ƙofa.

Na sayo littafin wasan a wurin masu tsofaffin littattafai na Azbakiyya, na karanta shi sau biyu da jan biro. Amma ke kika yi shekara ashirin da shida kina malamar wasanni. Gaya mini gaskiya: baiwa ce babu, ko koyarwa?

Ki gaida Alhaji da kyau. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Husaina


11 ga Janairu, 2015

Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Allah ya raya jaririyar 'yarki Hadiza, ya sa ta gaji haƙurin kakanta ba bakin kakarta ba.

Amsarki ta iso. Shafi uku na rubuta miki, kika aiko mini layi uku: in turo hoton yaran a tsaye da sandunansu, kada in yi faɗa da mutumin, in gaida Malam. Ga hoton nan na sa a ciki, ko da yake ban ga abin da zai ƙara miki ba. Faɗa kuwa kin makara.

Na rubuta wa mudir, wato shugaban markaz, Ustaz Fahmi, ƙara mai shafi huɗu da Larabcin da ko a jarrabawa ban taɓa yin irinsa ba. Na lissafa masa kwanaki: ranar da kaftin ya yi minti arba'in a waya, ranar da ya tafi kafin lokaci, ranar da ya ce wa Humaira, ƙaramarsu, gara ta koma gida ta koyi yanka albasa. Iyaye sha biyu suka sa hannu. Mudir ya karanta yana gyaɗa kai, ya yaba jimlolina, har ya tambayi inda na yi karatu. Ya miƙa wa kaftin. Kaftin ya karanta a tsaye, ya ɗauki kujerarsa ya fita. Mako uku ke nan ba mu gan shi ba.

Kwana biyu na yi ina jin kaina. A na uku na gane wanda na yi wa aiki. Ashe akwai magidanta masu hayar fili su buga ƙwallon ƙafa, sun daɗe suna neman sa'o'inmu na Talata da Alhamis, mudir yana neman hanya. Ya kira ni ya ce, cikin ladabi mai yawa, ƙungiyar da ba ta da koci mai takarda ba za ta shiga gasa ba, kuma ƙungiyar da ta buga wasa bakwai ba ta ci ko ɗaya ba ai ba ƙungiya ba ce, tarin yara ne. Ƙarshen kakar bana zai rufe ta. Na yi magana har shayinsa ya huce. Don ya rabu da ni, yana dariya, ya ce to in muka samo koci, kuma yaran suka zura ƙwallo ɗaya tak kafin wasan ƙarshe na sha takwas ga Afrilu, sa'o'in namu ne baɗi. Na ce ya rubuta. Ya rubuta yana murmushi. Na ce ya buga hatimi. Nan murmushin ya ragu, amma ya buga. A ƙasar nan, Kulu, magana iska ce sai an dangwala mata hatimi. Takardar tana cikin jakar fasfo ɗinmu.

Yanzu hutun jarrabawa ake yi, babu gasa sai watan Maris, wasa uku suka rage. Koci kuma na nema har unguwar Dokki, duk wanda ya ji tara da babu sai ya tuna yana da uzuri. Don haka ni nake fita da su, cikin wannan sanyin, da abayata da littafi a hannu, ina karanta musu shafi na talatin da ɗaya suna kallona. Littafin ya ce a durƙusa, a kwantar da sanda. Suna durƙusawa, kan sandar ya soke su a ciki, su miƙe. Na maimaita har muryata ta dushe, ƙwallon nan bai fasa wucewa ba. Ban faɗa wa kowa ba sai ke: abin ya fara ɗaure mini kai.

Fiddausi ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ta gaya wa babanta cewa da can ana cinye su amma suna da ƙungiya. Ta koma taga. Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma Talata zan fita.

Ki duba hoton ki faɗi abin da za ki faɗa. A wannan karon ki cika shafi.

Taki,
Husaina


1 ga Maris, 2015

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Na gode da yajin, ya iso bai zube ba.

Ba ki cika shafin ba, amma kin gama da ni. Kin ce kin sa tabarau kin duba hoton, tambayarki ɗaya ce: wace mara imani ce ta saya wa yaran nan sandunan ƙarti? Kin ce sanda a ƙashin ƙugu take tsayawa, waɗannan kuwa har haƙarƙari, ta ƙaramar ma ta kusa hammata. Kin ce takalman kamar kwale-kwale.

Wuni guda na yi ina fushi da ke. Washegari da safe na tsayar da Fiddausi a bakin ƙofa na jingina mata sandar. Ta wuce ƙugunta da fiye da faɗin hannuna.

Ni ce mara imanin. Guntayen nan da mai shago ya miƙo mini, su ne daidai. Na dube su na yi lissafin da uwata ta yi, da uwarki ta yi: yaro girma yake yi. Kin tuna rigunan sallarmu da ake naɗe musu ƙasa a ɗinke, a riƙa warwarewa shekara-shekara? Kin tuna takalmin da ake cusa wa auduga a baki? Haka na sayi sanda, ta shekara huɗu masu zuwa, da takalma lamba biyu sama da ƙafa. Da na kawo, babu uwar da ba ta sa mini albarka ba, har Misrawan. Littafin nan kuwa da na ja wa layi da jan biro, maganar tsawon sanda tana shafi na shida. Na tsallake ta don ina sauri in kai inda zan kama kaftin da laifi.

Akwai abin da ya fi wannan. Ranar da na kai kayan, kaftin ya ɗauki sanda ɗaya ya gwada a jikin Samah, ya ce ta yi tsawo, akwai shagon abokinsa da za a iya musanyawa. Ni kuma a gaban iyaye duka na ce na san irin abotar da ake yanka wa kamasho. Aka yi dariya. Ya ajiye sandar ya koma kujerarsa. Ba mantawa na yi ba, Kulu. A cikin nasarorina na ajiye wannan ranar.

Na sa Malam ya raka ni gidansa a Abbasiya, da dambun naman da kika aiko wancan karon. Na ba shi haƙuri a gaban matarsa, ban rage komai ba, ban ce amma ba. Sai da ya ce ya yafe, muka sha shayi, sannan na ce amma. Na ce laifina na rana ɗaya ne, nasa na wata huɗu. Ya san abin da ke damun yaran nan tun ranar farko, ya zauna a kujera yana kallo, ya bar su suna tafiya gida da cewa Allah ne bai ba su hannu ba. Ya ce ai ya faɗa sau ɗaya. Na ce, "Kaftin, ni ka yi fushi da ita, amma Humaira ka hukunta." Malam yana ta kallon silin.

Daga baya ya ce ko da sandar ƙwarai, biyu ko uku ne kawai a cikinsu suke da hannu, wannan ba zai janye ba. Na ce ya riƙe ra'ayinsa, ƙwallo ɗaya nake nema. Ya yarda zai dawo bisa sharaɗi uku: in janye ƙarata a rubuce, in zauna a benci tare da sauran iyaye, kuma kada ya ƙara ganin littafin nan. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Na karɓa.

Yaƙin da ya fi wuya da iyaye na yi shi. Mai shago ya ƙi karɓar sandunan da aka yi wata biyar ana duka, saura yankewa. Mahasin ta ce yanke sabon abu almubazzaranci ne, nan da shekara biyu za su yi daidai. Na ce nan da shekara biyu magidanta masu tumbi ne za su kasance a filin. Ba su gamsu ba. Sai na ɗauki ta Fiddausi, muka ɗunguma zuwa wurin kafintan da ke bayan masallaci. Kaftin ya gwada a ƙugunta ya ja layi da alli, kafinta ya sa zarto. Har cikin haƙorina na ji shi. Ya naɗe mariƙin ya miƙa mata, ta jefa ƙwallo a kan titi ta durƙusa, ta ja shi hagu ta ja shi dama, sandar ba ta taɓa cikinta ba. Ta ɗago ta dube ni. Samah ta fizge tata daga hannun uwarta ta miƙa wa kafinta. Kafin magariba an yanke sha huɗu. Takalma kuwa musanya muka yi, na ƙananan suka yi wa manyan daidai, ƙafa huɗu kawai aka sake saye.

Ranar Alhamis kaftin ya zo babu kujera. Saura mako bakwai.

Ki gaida kowa. Kada ki ba 'yan ajinmu wannan labari sai na mutu.

Taki,
Husaina


19 ga Afrilu, 2015

Kulu tawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali.

Wasan farko bayan yanka an ci mu biyar da babu. Na biyu, biyu da babu, kuma sau uku muka shiga da'irar bakin ragarsu, wadda da sai dai mu hango ta. Mutumin nan ya iya koyarwa, shi ya fi ba ni haushi. Mako bakwai yana durƙushe a tsakiyarsu yana gyara musu yatsu ɗaya bayan ɗaya. Gajeriyar kwana kaɗai, wato bugun da ake ba ku in an yi muku laifi a bakin raga, sun maimaita ta har na iya ta a benci: Samah ta turo, Fiddausi ta tare, wata ta buga.

Jiya aka yi na ƙarshe, da ƙungiyar da ta yi mana tara. Kafin hutu sun zura uku, bayan hutu suka ƙara ɗaya. Mahasin tana gefena tana jan carbi kamar za ta tsinke shi. Saura minti shida ƙwallo ya taɓa ƙafar 'yarsu a cikin da'ira, alƙali ya ba mu kwana. Yarinyar da take bugawa ta riga ta fita da targaɗe. Kaftin ya duba ya duba, ya nuna Humaira, mai yanka albasa.

Samah ta turo. Fiddausi ta kwantar da sanda, ƙwallon ya zo ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Humaira ta buga. Ba zan yi miki ƙarya ba, bugun ba shi da ƙarfi, golarsu ma ta riga ta faɗi tana jiran mai ƙarfi. Ya gangara ta gefen ƙafarta a hankali, har na ga kamar zai tsaya ya huta, sai muka ji ƙwas a jikin katakon cikin raga.

Huɗu da ɗaya aka tashi. Iyayen waɗancan suka tsaya suna kallon matan da aka cinye suna guɗa. Ban san na iya guɗa ba.

Kaftin ya zo da murya a dushe ya ce in ga abin da yake faɗi, irin tarewar da Fiddausi ta yi ba a koyar da ita, mauhiba ce. Kulu, saura kaɗan in yarda, don 'yata ce. Na kama kaina na ce sau ɗari nawa ya sa ta maimaita, kuma me zai ce game da Humaira. Ya ce wannan sa'a ce. Ba mu daidaita ba, ba na jin za mu daidaita. Ni dai abin da na riƙe shi ne, ba wanda ya isa ya ce yaro ba shi da baiwa kafin ya ba shi sanda daidai tsawonsa ya kuma tashi daga kujera.

Yau da safe na kai wa mudir takardarsa. Ya karanta rubutun hannunsa kamar baƙo ne, ya fara ma'alish, ya fara zancen magidanta. Na ɗora yatsa a kan hatimin na bar shi a nan. Ya jawo jadawalin baɗi ya rubuta mu, Talata da Alhamis. Ban tashi ba sai da ya buga wa wannan ma.

Mahasin ta riga ta tare ni a matakala ta ce Samah ta ƙara tsawo, kafin Satumba sandar za ta yi mata gajarta, ita da ma ta faɗa. Na ce bari ta yi mata gajartar. Ƙanne biyar sun ba da sunansu jiya a bakin fili, su za su gaje su. Sababbin kuma ba zan je saye ni kaɗai ba, da kaftin za mu je, da yaran, kowace a gwada ta a tsaye. Baɗi ba ƙwallo ɗaya nake nema ba, wasa nake so mu ci, na kuma gaya masa.

Guntun itacen da ke cikin ambulan, na sandar Fiddausi ne. Sha ukun suna wurina. Ki ajiye shi inda za ki gani, duk ranar da na aiko miki da shafi huɗu a kan laifin wani, ki mayar mini da shi.

Zan tsaya nan. Fiddausi tana baranda tana ƙwala wa Samah kira daga hawa na shida, mutumin ƙasa ya fara buga silin da tsintsiya. Ba zan hana ta ba.

Ki gaida Alhaji da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Husaina